Shafi Ɗaya, Sharewa Ɗaya: Jagora ga Masu Koyon Aikin Kanel

Matasan da ke kawo mini facinsu na kanel in duba, ɗaliban jami'a da masu koyo da kansu a tsohuwar laftof a nan yankinmu na Karaye da Rogo, kusan duk wuri ɗaya suke faɗuwa idan aka zo maganar share shafukan RAM. Kashi biyu ne. Akwai masu tsoro, waɗanda duk inda suka karɓi shafi sai sun bi shi da `memset`, ko da an riga an share shi. Akwai kuma masu gaggawa, waɗanda da zarar sun ga sharewa tana cin lokaci sai su cire ta, ba tare da sun tambayi abin da aka sa ta don shi ba. Na farko yana ɓata lokacin furosesa da cajin batir. Na biyu yana iya miƙa sirrin wani ga wani. Saboda su biyun na rubuta wannan jagora.

Kada kowa ya ɗauka wannan magana ce ta mutanen Turai. Wayar Tecno ko Itel ko Infinix da ke aljihun manomi a Yammedi, idan ta Android ce, kanel ɗin Linux ne ke tafiyar da ita, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991. Haka ma da yawa daga na'urorin POS da ake cire kuɗi da su a kasuwa. Duk sanda ka buɗe wata manhaja, kanel yana raba mata RAM gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa ita ake kira shafi, kuma a yawancin injuna girmanta bayit 4096 ne. Shafin da aka ba manhajarka yanzu, ɗazu yana hannun wata, watakila ta banki, watakila da lambar sirri a cikinsa. Shi ya sa kanel yake cika shi da sifili kafin ya miƙa shi.

Abin ya yi kama da allo a makarantar da yara suke karɓa-karɓa. Dole a wanke rubutun wancan kafin a ba wannan. Amma idan babban ɗalibi ya riga ya wanke ya shanya, wanda ya sake wankewa ruwa kawai ya ɓarar, ya kuma tsayar da karatu. Ƙa'idar ke nan gaba ɗaya: duk shafin da zai sauya hannu a share shi sau ɗaya, kuma ba ka da ikon cire wata sharewa sai ka iya nuna da yatsa inda ɗayar take.

Kayan aiki

- Kwamfuta mai Linux, Ubuntu ko Debian ko makamancinsu. Tsohuwar laftof ta wadatar, sai dai haɗa kanel zai ɗauki lokaci, don haka ka fara idan batir ya cika ko wuta ta tsaya.
- Rubutun kanel ɗin kansa. Idan data tana maka tsada, ka sauke dunƙulallen fayil na siga ɗaya, wanda bai kai megabayit 200 ba, ko ka yi `git clone --depth 1`. Cikakken tarihin yana cin gigabayit da yawa.
- `gcc` da `clang`. Na biyun dole ne idan ka zo gwaji da KMSAN.
- QEMU, don ka tayar da kanel ɗin da ka gyara a injin kwaikwayo. Kada ka fara gwada sabon faci a kan injin da aikinka yake ciki.
- `perf` don awo, da Coccinelle don binciken rubutu.
- Sanin yaren C, da littafi da biro. Za ka ga amfaninsu a mataki na uku.

Mataki na 1: Tambayi wa zai ga shafin

Kafin ka taɓa layi ɗaya, ka amsa wannan: idan na karɓi shafin nan, idon wa zai kai gare shi? Idan za a liƙa shi a adireshin wata manhaja, ko a kwafe abin cikinsa zuwa gare ta da `copy_to_user`, ko a tura shi ta katin intanet, ko a rubuta shi a faifai, ko a ba injin kwaikwayo, to shafin zai fita daga gidan kanel. Irin wannan ba a yin ciniki a kansa: kowane bayit ko dai sifili ne, ko kuma abin da kai da kanka ka rubuta.

Wannan ba sabon sharaɗi ba ne. Tun a shekarun 1980 ma'aunin tsaron kwamfuta na Ma'aikatar Tsaron Amurka ya shardanta, a matakin C2, cewa kada a sake ba wani ma'adana alhali bayanan mai ita na farko suna ciki. A Linux akwai tuta mai suna `MAP_UNINITIALIZED` da ke neman shafi ba tare da sharewa ba, kuma masu koyo sukan yi murna idan suka gan ta. An sa ta ne a siga ta 2.6.33 don ƙananan na'urori marasa sashen fassara adireshi, inda mai na'urar ya san kowace manhaja da ke ciki. A waya ko laftof ɗinka kanel ba ya kula ta, kuma daidai ke nan.

Mataki na 2: Auna kafin ka yanka

Sharewa tana da tsada ta hanya biyu. Ta farko ita ce lokacin rubuta sifilin. Gigabayit ɗaya shafuka 262,144 ne. A ce injinka yana share gigabayit 10 a daƙiƙa: manhajar da ta nemi gigabayit 64 za ta jira sama da daƙiƙa 6, idan kuwa sau biyu ake yi, kusan 13. Ta biyu ta fi ɓuya. Furosesa tana da ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ake kira kash, mai layuka masu bayit 64 kowanne. Shafi ɗaya layi 64 ne. Kash na matakin farko a injuna da yawa kilobayit 32 ne, wato shafi 8 kacal. Babban shafi mai megabayit 2 kuwa ƙananan shafuka 512 ne a haɗe, kuma share shi yana iya korar kusan duk abin da manhaja ta tara a kash na kusa.

Amma kasancewar abu yana da tsada ba ya nufin shi ne damuwar injinka. Ka tayar da aikin da kake zargi, ka yi `perf record -a -g`, sannan `perf report`. Ka nemi `clear_page_erms` ko `clear_page_rep` a injin Intel da AMD, ko `clear_page` a ARM. Idan kasonsu bai taka kara ya karya ba, ka bar wurin ka nemi matsalarka a wani gefe. Idan yana da yawa, ka buɗe jerin masu kiransu, domin su ne za ka bi.

Hattara da abu biyu. Ka yi awon a kan inji na gaske, domin lokaci a cikin QEMU ba ya nuna gaskiyar kash. Kuma ka maimaita awon sau da yawa, ka rubuta sakamakon kafin gyara. Wanda ba shi da adadin jiya ba zai iya cewa yau ya fi ba.

Mataki na 3: Bi sawun shafin daga mai rabo zuwa mai amfani

Nan ne biro yake aiki. Ka ja layi uku a takarda: wanda ya nemi shafin, tutocin da ya nema da su, da duk wurin da aka rubuta wani abu a cikinsa kafin ya fita. Ka fara daga `alloc_pages` ko `kmalloc`, ka bi shi fayil bayan fayil.

Ka haddace waɗanda suke ba da wuri a share tun daga tushe: duk abin da aka nema da tutar `__GFP_ZERO`, da `get_zeroed_page`, `kzalloc`, `kcalloc` da `vzalloc`. Idan ka ga `memset` na sifili bayan ɗayansu, ga maimaici nan a fili. Akwai kuma wanda ya fi yaudarar masu rubuta direba, wato `dma_alloc_coherent`. A da akwai ɗan'uwansa `dma_zalloc_coherent` mai sharewa. A siga ta 5.0 aka cire shi, domin na farkon ya koma ba da wuri a share a ko'ina. Wanda ya koyi aiki daga tsohon littafi har yau yana bin sa da `memset`.

Idan kuma ka ga `kmalloc` sai `memset` a bayansa, wannan ba maimaici ba ne a ko da yaushe, amma ka mayar da shi `kzalloc`. Dalili shi ne ka bar wa mai rabo, wato sashen kanel da ke raba RAM, hukuncin. Shi ya san ko an riga an share wurin, kai ba ka sani ba. Coccinelle yana da rubutun da ke zaƙulo irin waɗannan a cikin `scripts/coccinelle/api/alloc`, kuma `make coccicheck` zai tayar da shi.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne bin hanya ɗaya kawai. Aiki ɗaya yana iya samun masu kira biyar, huɗu suna ba shi shafi sharre, na biyar yana ba shi wanda ya ɗauko daga tarin da yake sake amfani da shi. Idan ka cire sharewar don huɗun, ka buɗe ƙofa ta na biyar.

Mataki na 4: Duba saitin tsaro na kanel ɗin

A siga ta 5.3, cikin Satumba 2019, Linux ya samu saiti biyu da Alexander Potapenko na Google ya kawo: `init_on_alloc` da `init_on_free`. Na farko yana sa mai rabo ya share duk abin da zai bayar, ko an nema ko ba a nema ba. Na biyu yana sharewa a lokacin da aka dawo da wurin. Android da Ubuntu suna kunna na farkon. Don ka san halin injinka, ka yi `dmesg`, ka nemi layin da ya fara da `mem auto-init`. Zai gaya maka wanne ne a kunne.

Ka buɗe `mm/page_alloc.c`, ka karanta `post_alloc_hook` a natse, domin darasi ne a kan yadda ake wannan aiki. Yana tambayar `want_init_on_alloc`, wanda ke cewa e idan saitin yana kunne ko an sa `__GFP_ZERO`. Ko duka biyun sun haɗu, sharewa ɗaya ce. Yana kuma tambayar `want_init_on_free`: idan an riga an share shafin lokacin da aka dawo da shi, ba a sake yi. Hukuncin a wuri ɗaya yake, kowa ya bi ta nan.

Duk da haka an daɗe ana maimaici a wata hanya. Idan manhaja ta taɓa adireshin da ba a ba shi shafi ba, furosesa tana tsayawa ta kira kanel, abin da za mu kira tuntuɓen shafi. Sashen da ke kula da tuntuɓen manyan shafuka ba ya neman `__GFP_ZERO`. Yana karɓar shafin ya share da kansa, don ya bar gefen da manhajar ta taɓa zuwa ƙarshe, gefen ya zauna da ɗumi a kash. Dabara ce mai kyau, amma idan `init_on_alloc` yana kunne, mai rabo ya share megabayit 2, shi ma ya sake share su. Zi Yan na Nvidia ya gyara wannan a siga ta 6.13, wadda ta fito a Janairu 2025, ta hanyar tsallake sharewa ta biyu idan saitin yana kunne.

Abin da ya biyo baya shi nake so ka riƙe. Kafin sigar ta fito, aka gano gyaran yana rushe wani injin MIPS. A irin waɗannan injuna, shafi ɗaya yana iya zama a wuri biyu a kash, gwargwadon adireshin da aka dube shi da shi. Mai rabo yana sharewa ta adireshin kanel, manhaja kuma tana karantawa ta nata. Sharewa ta biyun, wadda ake yi da `clear_user_highpage`, ita ce ke daidaita kash ɗin. Ashe a can ba maimaici ba ce, aiki biyu take yi. Sai aka sake gyara, aka samar da `user_alloc_needs_zeroing`, wanda ke duba saitin, ya kuma duba irin kash ɗin injin. Idan gwani da facinsa ya bi ta hannun masu dubawa zai iya gamuwa da wannan, kai ma ka tambayi kowace sharewa: bayan sifili, me kuma kike yi?

Mataki na 5: Shafin da za a cike shi baki ɗaya

Wannan ita ce babbar ƙofar samun sauƙi ta halal. Idan abin da zai biyo bayan karɓar shafi shi ne rubuta dukan bayit 4096, share shi tukuna ɓata lokaci ne. Kanel da kansa haka yake yi. Idan manhaja ta haifi 'yarta da `fork`, suna tarayya a shafuka har sai ɗaya ta yi rubutu, sannan a kwafe mata shafin gaba ɗaya zuwa sabo. Ba a neman sabon da `__GFP_ZERO`, domin kwafin zai rufe shi duka. Haka ma shafin da za a karanto fayil daga faifai a zuba a ciki.

Haɗarin yana cikin kalmar "duka". Ka ɗauki fayil mai bayit 5000. Shafin farko ya cika. Na biyu ya samu bayit 904, sauran 3192 kuma babu wanda ya rubuta su. Idan manhaja ta liƙa fayil ɗin da `mmap`, za ta ga shafin har ƙarshensa. Dole a share wannan wutsiyar, kuma ita kaɗai, da `folio_zero_range` ko makamancinsa. A 2003 aka bayyana wata ɓaraka da aka sa wa suna Etherleak. Ƙunshin Ethernet yana da mafi ƙarancin tsawo, kuma direbobi da yawa suna cike gibin gajeren saƙo da duk abin da ya rage a ma'adana. Wanda ke kan layi ɗaya da kai sai ya yi ta turo ƙananan saƙonni yana tsintar guntayen bayananka a amsa. Wutsiya ce kawai ba a share ba.

Wurare uku za ka duba kafin ka ce an cike shafi. Na farko wutsiya. Na biyu hanyar kuskure: idan faifai ya gaza a tsakiya, ko na'urar ta kawo ƙasa da abin da aka nema, shin shafin zai iya isa ga manhaja a haka? Na uku gibin da `gcc` ke bari tsakanin gaɓoɓin `struct` don daidaita adireshi. Ko ka cika kowace gaɓa, gibin yana nan da tsohon abu, kuma `copy_to_user` zai tafi da shi.

Mataki na 6: Jinkirta abin da watakila ba za a buƙata ba

Sharewar da ta fi arha ita ce wadda ba a kai ga yinta ba. Idan manhaja ta nemi gigabayit ɗaya da `mmap`, kanel alkawari kawai yake yi mata. Idan ta karanta wani adireshi kafin ta rubuta, sai `do_anonymous_page` ya liƙa mata shafin sifili na tarayya, shafi ɗaya tak da kowa ke kallo, ba a yarda a rubuta a kansa. Sai ran da ta yi rubutu ake ba ta nata a share shi. An taɓa cire wannan dabara a siga ta 2.6.24, aka dawo da ita a 2.6.32 bayan an ga akwai manhajojin da suka dogara da ita. Tun siga ta 3.8 manyan shafuka ma suna da nasu.

Masu rubuta manhaja sukan rushe wannan tanadi da hannunsu. Ka gwada da kanka. Rubuta gajeren shiri da zai yi `malloc` na gigabayit ɗaya ya bi shi da `memset`, sannan wani da zai yi `calloc`. Ka haɗa su da `-O0`, domin `gcc` na zamani yakan mayar da na farkon ya zama na biyu idan an kunna ingantawa. Ka auna su da `perf stat -e page-faults`. Na farkon zai yi tuntuɓe a kan dukan wurin, kanel ya share, shi ma ya sake sharewa, kuma RAM ɗin ya tafi. Na biyun zai dawo nan take, domin `calloc` na glibc ya san babban wurin da ya fito daga `mmap` sharre ne, ba ya taɓa shi.

Ka kuma bambance umarni biyu na `madvise`. Bayan `MADV_DONTNEED`, shafin ya tafi, kuma taɓawa ta gaba za ta jawo sabo da sabuwar sharewa. `MADV_FREE`, wanda ya shigo a siga ta 4.5, yana barin shafin a hannunka sai idan kanel ya matsu, don haka yakan ceci sharewar. Amma bayansa ba ka da tabbacin sifili: za ka iya tarar da tsohon rubutunka, za ka iya tarar da sifili. Wanda ya gina nasa `calloc` a kan wannan ba tare da sharewa ba ya shuka matsalar da ba za ta tsiro ba sai ranar da inji ya cika.

Mataki na 7: Yi nazari kafin ka ce za ka share tun kafin a nema

Kusan kowane mai koyo yakan zo da wannan shawara: furosesa tana zaune ba aiki, me zai hana ta share shafukan da ba kowa, a ajiye su? Shawarar tana da tarihi. Windows yana da zaren aiki na musamman mai mafi ƙarancin fifiko, wanda ke kwashe shafuka daga jerin 'yantattu zuwa jerin sharru, kuma za ka iya ganin jerin biyu da RAMMap. A Linux, Christoph Lameter ya kawo faci irin wannan a ƙarshen 2004 zuwa 2005, lokacin yana SGI, ba a karɓa ba. FreeBSD da DragonFly BSD sun daɗe da shi, duka biyun suka cire a 2016.

Dalilin yana komawa ga kash. Shafin da aka share a lokacin tuntuɓe yana zaune a kash daidai sanda manhaja za ta rubuta a kansa. Wanda aka share tun ɗazu ya huce, sai an sake ɗauko shi daga RAM layi-layi, don haka ribar da ta bayyana a awon tuntuɓe takan zube a gaba inda ba ka duba ba. Ga kuma umarnin sharewa na zamani suna da sauri: `rep stosb` a Intel, `DC ZVA` a ARM. A waya akwai ƙarin hasara, domin furosesar da ya kamata ta yi barci ta tanadi batir an tashe ta aiki.

Idan duk da haka aikinka ya buƙaci tarin sharrun shafuka, kamar injin da ke tayar da manyan injunan kwaikwayo, to ka riƙe alama a kan kowane shafi, irin `PG_ZERO` ta FreeBSD. Wuri ɗaya ne zai sa alamar, bayan an gama sharewa. Duk hanyar da ta fitar da shafin ta cire ta. Alamar da ta yi ƙarya ta fi rashin alama muni, domin kowa zai gaskata ta.

Mataki na 8: Gwada da ƙazantaccen RAM

Nan ne aka fi yaudarar kai. Mutum ya cire sharewa, ya tayar da QEMU, ya duba shafukan ya ga sifili, ya ce ya yi nasara. Bai san RAM ɗin injin kwaikwayo sabo ne daga uwar kwamfuta ba, wadda ta riga ta share shi. Gwajin zai wuce ko da facin ya ɓace.

Ka ƙazantar da RAM ɗin tukuna. Haɗa kanel da `CONFIG_PAGE_POISONING`, ka tayar da shi da `page_poison=1`. Yanzu duk shafin da aka dawo da shi ana cika shi da `0xaa`. Rubuta shirin da zai karɓi wuri ta hanyar da ka gyara, ya karanta kowane bayit, ya yi ƙara idan ya ga wanda ba sifili ba. Idan `0xaa` ya bayyana, ka kama ɓarawon da hannu. Sannan ka kashe gubar, wato `page_poison`, domin tana rinjayar saitin tsaron nan biyu, ka maimaita gwajin da `init_on_alloc` a kunne da a kashe, haka ma `init_on_free`, bayan ka tayar da shirin da zai cika RAM da wata alama ya fita.

Bayan haka ka haɗa da KMSAN, wanda ya shiga Linux a siga ta 6.1 cikin Disamba 2022. Yana bin kowane bayit da ba a rubuta ba, ya kuma yi ƙara idan za a kwafe shi zuwa manhaja. Yana da nauyi, don gwaji ne kawai. Idan facinka ya taɓa `mm/`, ka haɗa shi don ARM da MIPS ma. Sai dai ka sani QEMU ba ya kwaikwayon halin kash, don haka matsalar mataki na huɗu ba za ta fito a cikinsa ba. A nan karatun rubutun kowane inji a cikin `arch/` ne zai cece ka. A ƙarshe ka sake awon mataki na biyu, kana duba lokacin aikin gaba ɗaya. Idan ribar ba ta fito ba, ka mayar da layin yadda yake. Kada garin neman gira a rasa ido.

Mataki na 9: Rubuta hujjarka inda za a gan ta

A wurin da ka cire sharewa, ka bar gajeren bayani: wa ya share shafin, a wane aiki, bisa wane sharaɗi. Wanda zai zo bayanka idan bai ga wannan ba, ko dai ya mayar da `memset` don tsoro, ko ya sauya mai rabon ya bar shafin a ƙazance. A bayanin facin ka faɗi injin da ka auna a kai, adadin kafin da na bayan, da saitin da ka gwada. Ka wuce da shi ta `scripts/checkpatch.pl`, ka nemi masu alhakin fayil ɗin da `scripts/get_maintainer.pl`. Kowane gyara ya zama faci guda, don idan ya jawo matsala a iya janye shi shi kaɗai.

Ƙannena masu koyo, ku fara daga ƙanana. Ku nemo `memset` ɗaya da ya biyo bayan `kzalloc` a wani direba, ku bi shi da matakan nan tara har ƙarshe, kafin ku doshi `mm/`. Duk ranar da kuka tsaya a gaban wata sharewa kuka kasa nuna wanda ya yi ta farko, ku bar ta a wurinta. Jinkirin daƙiƙa ana gyara shi gobe, amma sirrin mutum idan ya fita ba ya dawowa, kuma amanar masu riƙe da waɗannan na'urori ce a hannunku.